Kukan Haya

Tun kafin a gama jera kujeru Cika-Fili ya gane matar da ke ƙarshen layi za ta ɓata masa aiki.

Sana'arsa ke nan, kawo mutane. In ɗan siyasa na son tafi, ya kawo masu tafi. In ana son zanga-zanga, ya kawo masu ihu, sau da yawa su ɗin ne dai. Yau kuwa masu kuka aka ce ya kawo. Babban baƙo zai zo da hantsi ya miƙa diyya ga iyalan waɗanda bom ya kashe a kasuwa bara, 'yan jarida na biye da shi.

Iyalan na ainihi ba a gayyace su ba. Sun cika baki. Tun bara suke sintiri a ofishin biyan diyyar, an karɓi takardunsu, an karɓi hotunan mamatansu, kullum ana ce musu su dawo jibi. Kuɗin kuwa tuni suka bi inda ruwa ke bi a rairayi. Wa zai jera irin waɗannan a gaban kyamara? Shi ya sa sakataren ofishin ya kira Cika-Fili ya gaya masa ba kwana-kwana: in taron nan ya yi kyau, na zaɓe ma nasa ne. In ya lalace, kada ya ƙara taka ƙofar.

Ya ciko mota da mata daga bakin titin da masu neman aikatau ke zama. Ta ƙarshen layin bai tuna ya ɗauko ta ba. Bai damu ba. Ƙuda ba ya jiran gayyata.

Aka fito da hotunan daga kwali, aka sa su a firam na aro, aka zube a tebur. Kowace aka miƙa wa nata ta karɓa kamar ana rabon tsintsiya. Ita kuwa sai da ta tsaya tana tone-tone, ta zaro ɗaya daga can ƙasa, ta goge gilashin da bakin mayafi.

“Kowa ta kalli mijinta,” in ji Cika-Fili. “Za mu gwada.”

“Ni nawa ya fi na gida kyau,” in ji wata. “In an tashi a bar mini shi.”

Aka kwashe da dariya. Ya tafa hannu, dariyar ta koma kuka nan take. Uwar Hawaye ce ta ja gaba, gwanarsa, wadda ba ta taɓa ba shi kunya a taro ba. Ya bi layin yana gyara: ke rage murya, ke saki kafaɗa, ke cire 'yan kunnen nan. Har ya iso ƙarshe.

“Ke, baiwar Allah. Mijinki direba ne, ya bar miki yara. Da an miƙo miki ambulan, ki zube ƙasa.”

“Tela ne,” ta ce.

Ya leƙa hoton. Ga tef ɗin awo rataye a wuyan mutumin. “To, mai ido. Tela. Yi kukan mu gani.”

Idanun nan ƙamas kamar tsohuwar rijiya. Ta juya hoton ta manna fuskarsa a ƙirjinta.

“Juyo shi! Kyamara za a nuna wa.” Ya dafe ƙugu. “Dubi fuskarki. Wa zai yarda ke an yi miki mutuwa? Matar da ta rasa miji daga nesa ake gane ta. Na san aikina.”

“Hawayen ne ba sa zuwa, yallaɓai.”

“To kuɗi ma ba sa zuwa.”

Jiniya ta fara tashi daga babban titi. Sakatare na zazzare masa ido daga kan dandamali. Cika-Fili ya kama firam ɗin ya ja, ta ƙi saki. Mace kamar kara, amma riƙo kamar kaska. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, gilashin ya tsage. Ya ce daga ladanta za a cire, sannan ya tuna ba ta da lada. Ya yafito masu gadi suka tisa ƙeyarta waje. Hoton ya danƙa wa Uwar Hawaye, ya zaunar da ita a sahun gaba.

Taro ya yi kyau. Uwar Hawaye ta yi birgima tana kiran telanta, wa zai ɗinka wa marayu kaya. Babban baƙo ya cire tabarau ya share ido, kyamara ta ɗauka. A bayan dandamali aka karɓe ambulan ɗin, dama ba komai a ciki. Sakatare ya riƙe hannun Cika-Fili ya daɗe bai saki ba.

Mai firam ya kwashe kayansa. Hotunan kuwa, tunda an biya diyya magana ta ƙare, sakatare ya ce a ƙone. Cika-Fili da kansa ya ƙyasta ashanar, ya tsaya har suka zama toka, don ba ya barin aiki rabi.

Yana fitowa ya tarar da ita zaune a gindin ƙofa, rana na dukanta. Ransa fari ne yau. Ya laluba aljihu ya miƙa mata na mota.

Ko kallon hannun ba ta yi ba.

“Hoton kawai za a ba ni, yallaɓai,” ta ce. “Shi kaɗai gare ni. Da hannuna na kawo shi ofishin nan bara, aka ce in dawo jibi.”