Binciken da Farfesa Bai Yi Ba

Na tare Farfesa a kan matattakalar asibiti, yana sauri.

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya! Ni nake yi wa wata mujalla rubutun kiwon lafiya. Ɗana yana da ciwon tsokar nan da kake bincike a kai."

"Baiwar Allah, ki bi layi."

Ban bi ba. Na cusa masa wayata a hannu.

Tun ranar da na sa manhajar AI ta tsara mini maƙala kan ciwon, zama ya gagare ni. Ta kawo wani bincike da sunansa a kai: wai ya gwada magani, yara sun tashi sun taka. Na birkice laburare, na dami mujallu da waya, ban samu ba. Shi ne na biyo mai shi.

Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

"Ban rubuta wannan ba. Babu wanda ya rubuta. Haka manhajar nan take yi, ta ɗauki sunan mutum ta liƙa wa ƙarya."

Na miƙa hannu in karɓi wayata, ya ƙi saki.

Daga ƙofar ofishinsa wata yarinya a keken guragu ta ce, "Abba, ka daɗe."

Bai waiwaya ba. Ya ƙura wa wayar ido.

"Na san ƙarya ce," ya ce a hankali. "Amma ɗan tambayar mini ita. Wane magani ta ce na ba su?"