Arcadio Ya Hau Sikeli

A ƙaramin filin jirgin saman garin Nuquí, har mutum sai an auna shi kafin ya shiga jirgi. Arcadio ke awon, amma gogan naku bai taɓa yarda ƙafarsa ta bar ƙasa ba.

Budurwarsa Eudocia, wadda aiki ya mayar birnin Quibdó, ta hau sikelin ko kallon Arcadio ba ta yi ba.

"Minti talatin ne fa a jirgi, sarkin tsoro, kuma babu hanyar mota. In ba za ka iya ba, a bar maganar auren."

Ya rubuta nauyinta. Sai ya miƙa mata alƙalamin, ya hau sikelin da kansa.

"Rubuta nawa."

Idonta ya ciko.

"Na gode, Arcadio. Amma da wannan tumbin, sai an sauke kifin mutane daga jirgin."