Tauraruwa Mai Tsage

Fulgencio, dillalin tsoffin bindigogin soja, ya kulle ƙofar rumbun ajiyarsa, ya ɗora wata bindiga a kan tebur.

"Don Aniceto, duk birnin Asunción an ce ba ka sa hannu a kan ƙarya. Duba min wannan. Ta Yaƙin Chako ce?"

Tsohon maƙerin ya gyara tabarau. Lambar jikin bindigar ta dace da ta sakatarta. Da ya kai kan hatimin ƙasa, sai ya ga ɗan tsage a ƙafar tauraruwar da ke cikinsa. Ƙarfen hatimi ɗaya ne ke barin wannan tsagen, kuma shekara talatin yana ɓoye a akwatinsa. Ya daina aikin jabu tuntuni, amma bai taɓa neman gafarar waɗanda ya cuta ba.

In ya ce ta gaske ce, ya koma ruwa. In ya ce jabu ce, dole ya faɗi yadda ya sani.

"Tsoho, ka haɗiye harshenka ne?"

"Jabu ce," in ji shi. "Ni na buga hatimin."

Fulgencio ya kwashe da dariya. "Ai na sani, ubana ka sayar wa."

Ya ɗaga wayar da ke naɗar muryarsu, sannan ya yaye wani tamfol da ke gefe. Bindigogi arba'in ne jere, ko ɗaya babu hatimi.

"Gobe ka zo da ƙarfen naka, mai gaskiya."