Mai Ɗinkin Hula da Gurbi Shida

Malam Jatau, kullum maganarka ɗaya ce, wai kai kafinta ne, ina kai ina kwamfuta. To ajiye zarton nan ka ji wani misali, don wallahi har yau in na tuna shi daɗi nake ji har cikin raina.

Wata mata ce mai ɗinkin hula, ta fi shekara ashirin tana sana'ar, har idonta ya fara gajiya da ƙananan zare. Sai ta shiga ajin manya na koyon kwamfuta a unguwarsu, ko Allah zai buɗa mata wata hanyar abinci. Malamin ajin da wasa yake fara koyarwa. Wani ɗan mutum-mutumi ne a fuskar kwamfuta, kai za ka jera masa umarni: yi gaba taku kaza, juya dama, juya hagu. Kana danna masa ya tafi, shi ke nan hannunka ya fita, abin da ka rubuta shi zai bi, ko da rami ne a gabansa. Kujeru sun yi kaɗan, masu jira sun yi yawa, don haka malam ya ce duk wanda bai haye mataki na goma na wasan ba zuwa ranar Alhamis, sai ya tashi ya ba wani. Matakin kuwa ɗan banza ne! Hanya ce mai lanƙwasa ta taku arba'in zuwa wata ƙofa, amma gurbin rubuta umarni shida kacal. 'Yan ajin masu saurin yatsa suka yi ta cusa umarni, gurbi ya cika, mutum-mutumi ya tsaya a tsakiyar hanya kamar jakin da ya ƙi tafiya. Ita kuwa har tsokanarta suke yi, wai Iya ta koma wa hularta tun kafin a kore ta.

Ran Alhamis tana tsoro ƙwarai, amma ba ta taɓa kwamfutar ba tukuna. Takarda ta ɗauka ta zana hanyar gida-gida, ta shiga ƙirga kamar yadda take ƙirga zanen hula. Gaba uku, dama, gaba ɗaya, hagu. Gaba uku, dama, gaba ɗaya, hagu. Sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe zane ɗaya ne ake ta maimaitawa." Nan take ta rubuta huɗun nan, a gurbi na biyar ta ce a maimaita, ta danna. Kai, Malam Jatau, zo ka ga gudu! Mutum-mutumi ya bi lanƙwasa tiryan-tiryan, aji ya taso ya kewaye ta, mutum-mutumi ya isa ƙofa, ya wuce ƙofar, ya afka rami. Dariya ta kaure, kunya ta rufe ta. Ka san inda ta yi kuskure? A ɗinkin hula ba wanda ke ce maka tsaya, zane ne ke zagayowa ya iske mafarinsa, ka san ka gama. Ta ɗauka shi ma zai gane da kansa. Sai ta koma kan takardarta ta ƙirga zanen da yatsa, ta samu goma cif. A gurbi na biyar ɗin ta ƙara masa cewa sau goma, ta yi bisimilla ta danna. Ya tafi, ya tafi, ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak. Malam da kansa ya miƙe yana tafa mata, ya nuna wa masu dariyar cewa gurbi biyar ta ci, ɗaya ma ya yi saura. Kujerarta ta zauna, kuma kafin a tashi waɗanda suka tsokane ta suna layi a gabanta da takardunsu.

Don haka kar in ƙara jin ka raina abin da hannunka ya sani. Hausawa sun riga sun faɗa: komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.