Kumbo Marar Zaure

Bayan la'asar Haris ya shimfiɗa takardar zanensa a kan tabarma, a ƙofar gidan su Zuhaira da ke Tanut. Kumbon attajirai ne mai ratsa taurari. Wasu matasa a Yamai suka sa shi zanawa, don wasan da suke yi a kan tebur, kowa da jarumin da yake wakilta. Yanzu sun ɗauke shi aiki.

"Ga lambun dabino, ga tafkin wanka," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sunanki na raɗa masa. Zuhaira, ki yarda a ɗaura kafin kaka, mu tafi tare."

Ta bi layukan da yatsa, ɗaki bayan ɗaki. Daga bayanta tarin Babanta ya fito. Tun da idonsa ya rufe, a zaure yake wuni, mutanen Damargu na shigowa gaisuwa, ita kuma tana raɗa masa sunan kowa da na kakansa.

"Yaya Haris, ina zaurensa?"

Ya yi 'yar dariya. "Wa zai yi maka sallama tsakanin taurari?"

"Gidan da ka kama a Yamai fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya duƙar da kai. "Ɗaki ne da falo."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta naɗe takardar a hankali, kada ta karye, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ya yi kyau, wallahi. Amma ka canza masa suna."