Fanken Mai Kamfani

Tana danna wani maɓalli a wurin aiki, manhajar kamfaninsu ta mutu a wayoyin dubban mutane. Ko wata ba ta yi da fara aiki ba. Kafin a gyara, har ta tattara kofinta da hoton kyanwarta cikin kwali, tana jiran kora.

Aka ce ana nemanta a kicin.

Can ta tarar da mai kamfanin da furfurarsa yana suyar fanke, ma'aikata sun yi layi da faranti, kamar yadda aka saba duk ranar da wani ya yi ɓarna.

"Sabuwar shiga, ke kika samo mana kalaci?" in ji wani. "Tun bara muke jiran mai ɓarna."

Tsohon ya miƙa mata na farko. "In maɓalli ɗaya zai iya kashe mu, laifina ne da na bar shi haka. Ci, sannan ki nuna mana ramin mu toshe."

Shekaru suka tura, kamfanonin da suka taso tare da nasu a Toronto duk suka rufe, nasu kuwa yana nan. Wata safiya wani sabon ma'aikaci ya leƙo kicin, rungume da kwali.

Ita ce yanzu a gurbin tsohon. Ta juya fanken da ke kasko, ta ce, "Ajiye kwalin nan, ɗauko faranti."