Wa Ya Ɗauke Keken Ɗinki?

Tun kafin Gwaggo Saudatu ta gama gyara zama a gaban kwamfutar, zufa ta riga ta jiƙa wa Uwais bayan riga.

Shekara guda ya kwashe yana gina wasan nan. Mai wasa shi ne jami'in bincike. An ɗauke keken ɗinki a wani shago, kuma babu gudu babu harbi, da baki kaɗai ake kama ɓarawo. Kwamfuta za ta karanto maganganu uku, ka zaɓi ɗaya ka faɗa da muryarka. In ka iya magana shaida ya buɗe maka cikinsa, in ka kwafsa ya ja bakinsa ya tsuke.

Yau ga alƙalai uku daga wani kamfani sun zo cibiyar koyon kwamfuta ta Tudun Wada, kuma mutum ɗaya tal za su ɗauka aiki. Sharaɗinsu shi ne babban mutum da bai taɓa ganin wasan ba ya zauna ya kai shi ƙarshe. Da Baba aka shirya. Sai ga mura ta dishe masa murya, ko sallama da ƙyar take fita. Shi ne ya taho da ƙanwarsa, shi kuma ya koma kujerar baya ya zauna.

Duk dangi a rasa wadda za a kawo sai Gwaggo! Matar da za ta shigo gidansu ta yi ta raha da kowa, har da 'ya'yan maƙwabta, amma in ta zo kansa sai ta ɗauke kai ta ce, "Kai wannan, an wuni lafiya?" Ranar da ya gama jami'a gida ya cika da guɗa, ita kuwa kicin ta shige ta kama wanke-wanke. Uwais ya daɗe da yanke cewa jininsu ne bai haɗu ba.

Aka fara. Maigadin shagon ya bayyana a allo, fuska a murtuke. Kwamfuta ta jero zaɓi: ko a tambaye shi inda yake lokacin satar, ko a yi masa barazanar kulle, ko a gaishe shi.

"Malam Kailani, ya aiki, ya iyali?" in ji Gwaggo.

Maigadi ya saki fuska. Ya ce ai ba fasa kwaɗo aka yi ba, da mukulli aka buɗe.

Daga nan sai Gwaggo ta kama hanya, sai ka rantse a ofishin 'yan sanda ta yi ritaya. Mai shayi ya so ya ja ta da surutu, ta katse shi cikin ladabi. Aka zo kan Isiyaku, telan da ke aiki a shagon. A nan abokan Uwais suka sha faɗuwa: su daka masa tsawa, tsoro ya sa ya amsa laifin da bai yi ba.

"Kwantar da hankalinka, Isiyaku, ba kai nake nema ba," ta ce.

Isiyaku ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ɗan mai shagon ya ari mukulli ana gobe za a yi satar.

Shugabar alƙalan ta gyaɗa kai. Sai a lokacin Uwais ya ji numfashinsa ya dawo. Aiki ya zo hannu, saura tambaya ɗaya.

Shi ɗan mai shagon, Uwais sunan kansa ya ba shi, don kada wani a unguwa ya ce da shi ake. Wani jan layi ya fito a saman allo ya fara raguwa, kwamfuta ta ce, "Wa ya ɗauke keken? Kailani ne. Isiyaku ne. Uwais ne."

Gwaggo ta ce, "Ɗan mai shagon ne."

"Ban gane ba. Faɗi suna."

"Yaron nan ne. Na ukun."

"Ban gane ba. Faɗi suna."

Layin ya ci rabi. Dokar alƙalan ta hana Uwais sa baki, sai murza hannu yake yana salati a zuci. Ta gane fa! Kowa a wurin ya san ta gane. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta waiga ta dubi Baba, Baba ya sunkuyar da kai.

Layin ya ƙare. A allo aka tasa ƙeyar Isiyaku, yana rantsuwa bai san komai ba. Alƙalai suka dubi juna.

Uwais bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Haba Gwaggo! Sunana ne fa kawai! Wai me na tare miki a duniya? Ƙiyayyar har ta kai ki gwammace a kulle mara laifi, ni kuma in rasa aiki?"

Gwaggo ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Baba ya taso a hankali ya riƙe masa hannu. Da wannan disasshiyar muryar, wadda sai ka kasa kunne za ka ji, ya ce:

"Sassauta murya, Uwais. Tun ranar da ta miƙo mana kai a cikin zani ba ta taɓa kama sunanka ba, don kai ne ɗanta na fari."